Ƙanwata ta samu jiyoloji maimakon medisin, tun jiya take kuka

Yayan Fati: Assalamu alaikum jama'ar gidan nan, don Allah shawara nake nema. Ƙanwata ce tun tana firamare ba ta da zance sai na zama likita, sau biyu tana zana JAMB, bana da admishan ya fito sai aka ba ta jiyoloji. Tun jiya ta rufe kanta a ɗaki ko tuwo ba ta taɓa ba, Hajiyarmu kuma cewa take wane irin karatu ne wannan na tsintar duwatsu, ina mace ina hawa dutse. Ni ɗan kasuwa ne ban san komai a kan kwas ɗin ba. In akwai wanda ya karanta ko ya san wanda ya yi nisa da shi ya faɗa min abin da zan gaya mata, amma na gaskiya, ba na rarrashi kawai ba.

Auwal Fagge: Wa alaikumus salam. Ni dai shawarata ta haƙura ta sake zana jarabawa baɗi. Mutum biyu na sani da suka yi jiyoloji, ɗaya POS yake yi ɗayan yana koyar da lissafi a wata makarantar kuɗi. Shekara ɗaya ba komai ba ce a kan ta ɓata huɗu.

Baba Malam: Wa alaikumus salam. Yaro, ka kai mata wayar ta karanta da kanta. Ni jiyoloji na karanta, wato ilimin ƙasa da duwatsu, tun kafin a haifi yawancinku, kuma ba zan ce mata kwas ne mai sauƙin samun aiki ba, Auwal bai yi ƙarya ba. Amma akwai mutumin da nake so ta sani kafin ta yanke hukunci, sunansa Farfesa Farouk El-Baz, Bamisre ne, an haife shi a garin Zagazig a watan Janairun 1938, mahaifinsa malamin addini ne da ya yi Azhar. Shi ma likita ya so zama, ya sha faɗa da bakinsa a hirarraki cewa makinsa ne bai kai na shiga medisin ba sai ya tsinci kansa a tsangayar kimiyya ta jami'ar Ain Shams, a can ya haɗa kemistiri da jiyoloji ya gama a 1958. Ya ɗan koyar a jami'ar Asyut shekara biyu, sannan ya samu tallafin karatu ya tafi Amurka, makarantar haƙar ma'adinai ta Missouri, ya yi digiri na biyu a 1961, ya yi dakta a 1964 a kan ma'adinan yankin da ake haƙo dalma a jihar. Daga nan ya koyar a Heidelberg ta Jamus. To a nan ne labarin ya ɗauki zafi, don da ya koma gida da dakta a hannu da burin ya koyar da abin da ya sha wuya a kai, sai aka tura shi wata cibiya a Suwez aka ce ya je ya koyar da kemistiri. Ya yi ta zarya ofis ofis ba wanda ya saurare shi. Ya ɗan yi aiki da kamfanin mai a 1966 lokacin da ake aikin rijiyoyin El-Morgan a mashigin Suwez, ƙarshe dai ya tattara ya koma Amurka ba aiki ba komai.

Auwal Fagge: To ka gani Baba, ai maganata ce ta fito. Mutum da dakta guda ma bai samu aiki a ƙasarsa ba sai da ya gudu, ina ga yarinya da digiri ɗaya a Najeriya

Baba Malam: Ka bari in kai ƙarshe Auwal. A 1967 ya samu aiki a wani kamfani da ake kira Bellcomm a Washington, reshe ne na kamfanin tarho na AT&T da ke yi wa NASA tsare-tsaren shirin Apollo na zuwa duniyar wata. Mutumin nan bai taɓa karanta komai a kan wata ba, ma'adinai ya sani. Amma a lokacin kumbunan Lunar Orbiter guda biyar sun ɗauko tarin hotunan fuskar wata a 1966 da 1967, hotunan na nan jibge, shi kuma ya zauna wata da watanni yana bin su ɗaya bayan ɗaya yana rarrabewa, wannan rami ne na faɗowar dutse daga sama, wannan malalar narkakken dutse ce da ta daskare, wannan tsaga ce, wannan ya girmi wancan saboda wancan ne ya hau kansa. Irin dai abin da ake koya wa ɗan aji biyu a jiyoloji, cewa abin da ke sama ya zo bayan na ƙasa, abin da ya yanka wani ya fi shi ƙuruciya. Da wannan haƙurin ya zama sakataren kwamitin da ke zaɓar inda kumbon Apollo zai sauka, kuma shi ke horar da 'yan sama jannati yadda za su kalli ƙasar wata daga sama su faɗi abin da suka gani da harshen da masana za su amfana. Suna ce masa Sarki, saboda sunansa ɗaya da Sarki Faruƙ na Masar da aka tuɓe a 1952. A tafiyar Apollo 15 a 1971, Alfred Worden da ya zauna shi kaɗai a cikin kumbo yana kewaya wata yayin da David Scott da James Irwin suka sauka, an ji shi yana cewa bayan horon da Sarki ya ba shi ji yake kamar ya taɓa zuwa wurin. Har gaisuwa ya aiko wa mutanen duniya da harsuna daban daban ciki har da Larabci, El-Baz ne ya shirya masa. Duk wannan yana ɗan shekara 33.

Maman Ilham: Ikon Allah. Baba shi ne wanda ake cewa ya tabbatar Neil Armstrong ya ji kiran sallah a wata ya musulunta? Tun muna islamiyya ake ba mu labarin nan

Baba Malam: A'a 'yata, wannan labarin ba shi da tushe. Armstrong da kansa ya musanta, har ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta aika wa ofisoshin jakadancinta sanarwa a 1983 saboda yadda zancen ya bazu a ƙasashen musulmi. Kuma a wata babu iska, sauti ba ya tafiya. Addininmu ba ya buƙatar a yi masa ƙari. Abin da El-Baz ya faɗa da bakinsa shi ne ya ba wa 'yan Apollo 15 takarda mai ɗauke da Fatiha suka tafi da ita, wannan kuma daban.

Auwal Fagge: Duk na ji, amma wa ya amfana? Amurka ce ta kafa tuta, Amurka ce ta kwaso duwatsun, shi ma ɗan ƙasar ya zama daga baya. Talakan Zagazig me ya samu da zaɓar inda Bature zai sauka a wata? Ni abin da ke ƙona min rai kenan da irin waɗannan labaran, a ɗauko wanda ya tsere a ce mu yi koyi da shi.

Ummu Hanan: Malam Auwal tambayarka na kan hanya, amma rabin rayuwar mutumin ka ji. Ni ɓangaren ruwan ƙarƙashin ƙasa na yi a digiri na biyu, kuma mu ba ta wata muka san shi ba, ta hamada muka san shi. Bayan Apollo ya ƙare a 1972 ya koma cibiyar Smithsonian ya kafa sashen nazarin duniya da sauran duniyoyi, a 1975 lokacin da kumbon Amurka da na Tarayyar Sobiyet suka haɗu a sama shi ya jagoranci ɗaukar hotunan ƙasa kuma ya sa aka mai da hankali kan hamada. Daga 1978 zuwa 1981 shi ne mai ba Anwar Sadat shawara kan kimiyya, ya yi ta shiga hamadar yammacin Masar da mota yana gwada abin da hoto ya nuna da abin da ke ƙasa. Daga 1986 kuma ya riƙe cibiyar nazarin ƙasa ta hotunan tauraron ɗan adam a jami'ar Boston shekara wajen talatin.

Abin da ya fi burge ni a tunaninsa shi ne tambayar da ya yi, wai duk rairayin nan na Sahara daga ina ya zo? Kowa cewa yake iska ce. Shi ya ce iska ba ta ƙera rairayi da yawa haka, ruwa ne ke farfasa dutsen yashi ya kwaso shi ya zube a kwari, sai bayan an daina ruwa wuri ya bushe sannan iska ta zo ta tara shi tudu tudu. Ma'ana inda ka ga rairayi ya yi teku guda, to da can kwari ne da koguna ke zuba a ciki, kuma ruwan da ya kwanta a wurin dubban shekaru bai tafi duka sama ba, wani ya tsotse ya shige cikin dutsen yashin da ke ƙasa, don shi wannan dutsen kamar soso yake. Wato wurin da ido ke cewa nan ne ya fi ko'ina bushewa, nan ne ya kamata a fara nema. Ranar da malaminmu ya yi mana bayanin nan wallahi ban iya barci da wuri ba.

Sai kuma na'urar rada ta zo ta ƙarfafa zancen. A watan Nuwamban 1981 kumbon Columbia ya ɗauki hoton hamadar kudancin Masar da arewacin Sudan da rada, ita kuma rada tana ratsa busasshen rairayi 'yan mitoci, sai ga hanyoyin tsofaffin koguna sun fito ɓaro ɓaro a ƙarƙashin yashi inda ido ba ya ganin komai sai fili. Ba shi ya fara fitar da wannan hoton ba, wasu masana ne na hukumar binciken ƙasa ta Amurka, amma yana cikin waɗanda suka dage a bi irin hotunan nan a haƙa. Yankin Sharƙul Uwainat a kudu maso yammacin Masar da ya yi ta nunawa, yau gonakin alkama da dankali ne a tsakiyar hamada da ruwan rijiyoyi. To ka ga talaka ya ci burodi.

Mai Bohol Gusau: Hajiya Allah shi biya ki. Ni ban yi jami'a ba amma shekara goma sha ina bisa injin haƙa, kuma abin da kinka faɗi mu muna ganinai da ido. Wajenmu inda ƙasa ta dutse ce, irin Gusau da Kano da Zariya, ruwa ba ya kwance ko'ina, cikin tsagar dutse yake da cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke sama, in ka kuskure tsagar da taku goma sai ka haƙa mita ɗari ƙura kawai ke fitowa. Amma ka nufi Sakkwato ko Barno inda ƙasar yashi da yumɓu ce hawa hawa, lissafin daban ne, can Barno ma akwai rijiyoyin da in an huda ruwan da kanshi yake fitowa ba famfo. Akwai wani Alhaji da munka yi ma aiki, munka ce a kira mai sabe ya auna tukuna, irin wanda ke kafa ƙarafa a ƙasa ya tura wuta ya ga inda ta fi wucewa, ya ce shi ba ya ba yaro kuɗi don ya ja waya a fili, ya nuna muna kusa da get ya ce nan yake so. Kwana ukku muna haƙa babu ko danshi. Daga baya dole anka kira mai saben, yarinya ce ma ta zo da na'urarta da yara biyu masu ja mata waya, ta nuna bayan gida wajen wata tsohuwar bishiya, mita arba'in da ɗori ruwa ya taso. Yayan Fati ka gaya ma Hajiya wannan, mace ce ta nuna muna ruwa muna maza takwas tsaye.

Auwal Fagge: Wannan na yarda, sabe sana'a ce. Amma shi Farfesan naku ba shi ne ya ce ya gano tafki a Darfur da zai kawo ƙarshen yaƙi ba? Na tuna BBC Hausa muke ji lokacin a shagon babanmu. Ina tafkin yake yau?

Abu Mus'ab: Salamu alaikum ya jama'a, na daɗe ina karatu ban sa baki ba, amma an zo gidanmu. Ni Bahaushen Sudan ne, kakanninmu hanyar hajji ta ajiye su, na tashi a Darfur, yanzu yaƙi ya fito da mu. Na tuna 2007 sarai. Aka ce wani duktur Bamisre daga Amurka ya gano tafki a arewacin Darfur, mutane a kasuwa suka ɗauka ruwa ne kwance za a je a gani da ido, har ana cewa za a yi rijiya dubu. Ya zo Khartum ya zauna da Umar al-Bashir, aka yi hotuna, aka sa wa shirin suna rijiyoyi dubu don Darfur. Ya akhi mu da muke bin layi a donki, wato wurin famfon da ake sayar da ruwa, da jarka da jakuna tun asuba, ka san yadda zuciyarmu ta yi. Rijiya dubun nan ni ban gan su ba. Kuma abin da ya fi yi min ciwo shi ne yadda duniya ta karɓi zancen cewa rikicinmu na ruwa ne kawai. Akwai mushkilar ruwa da kiwo tsakanin manoma da makiyaya, ba wanda ya musa, tun farin shekarun 1980 abin ya tsananta. Amma wanda ya ba mayaƙan Janjawid bindiga a 2003 ba ƙishirwa ce ta sa shi ba, hukuma ce. Mutumin da ya zauna da shi a 2007, kotun duniya ta ba da sammacin kama shi a 2009. Kuma ga shi tun Afrilun 2023 an koma gidan jiya, har ya fi na da muni. Ba na zagin malamin, ina ganin da niyya mai kyau ya zo, amma ya yi wa mutane alkawarin da ba a hannunsa yake ba.

Maman Ilham: Innalillahi. Allah ya kawo muku sauƙi ɗan'uwa, Allah ya mayar da ku gida lafiya

Ummu Hanan: Amin ya Allah. Malam Abu Mus'ab ba ni da abin da zan ce a kan abin da ka gani da idonka, kai ne a ciki. Abin da zan iya gyarawa kawai shi ne mene ne ainihin abin da aka gano, don 'yan jarida sun dagula shi. Ba tafki mai ruwa aka gani ba, gurbin tsohon tafki aka gani. Kuma wadda ta yi ainihin aikin zana shi mace ce, Dakta Eman Ghoneim, ita ma Bamisriya, tana aiki a cibiyarsa ta Boston a lokacin. Ta yi amfani da hotunan rada da ma'aunin tudu da kwari da kumbon Endeavour ya ɗauko a shekarar 2000, ta bi tsohuwar gaɓar tafkin a tsayin mita 573 daga teku, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 30,750. Don a gane girman, tafkin Chadi a farkon shekarun 1960 lokacin yana cike wajen 25,000 ne. Wannan ɓangaren ilimi ne mai kyau. Inda gardama take shi ne tsallen da aka yi daga an taɓa yin tafki a nan zuwa akwai ruwa mai yawa a ƙasa yanzu. Tun a lokacin wani masanin Faransa Alain Gachet, wanda shi ma ya yi aikin nemo wa sansanonin 'yan gudun hijirar Darfur ruwa, ya fito ya ce mai yiwuwa ruwan ya ƙafe tuntuni. Hoto daga sama yana gaya maka inda za ka gwada ne, baƙin ƙarfen haƙa ne kaɗai ke yanke hukunci, Malam Mai Bohol shaida ne. Ko an samu ma sai an auna gishirinsa, sai an auna nawa zai bayar a awa.

Kuma akwai abin da ba a cika faɗa ba ko a nasarar Uwainat ɗin. Ruwan nan na dutsen yashin Nuba da ke ƙarƙashin Masar da Libiya da Sudan da Chadi, wajen murabba'in kilomita miliyan 2, tsohon ruwa ne, ajiyar daminar dubban shekaru, yanzu kusan ba abin da ke ƙaruwa a kai. Shi Gaddafi ya ja da bututu zuwa biranen gaɓar teku, aikin da aka fara a 1984. Duk abin da aka zuƙa ya tafi kenan, kamar rumbu ne da ba a sake zuba masa hatsi.

Baba Malam: Abu Mus'ab, Allah ya jiƙan waɗanda kuka rasa. Na yarda da kai, kuma ni da na kawo sunansa ba zan ɓoye ba, mutumin yana da son babban shiri da yawan kyautata zato ga masu mulki. Haka ya yi shekaru yana tallata wa Masar shirin wata hanya mai tsawon kilomita 1,200 a cikin hamada yamma da Nilu, daga gaɓar teku har iyakar Sudan, da titi da layin dogo da bututun ruwa da rassa 12 da za su haɗa ta da garuruwa, don a rage cunkoson da ya sa kusan duk Misrawa ke matse a bakin kogi. Injiniyoyi da masanan ƙasarsa da yawa sun soki shirin, wasu kan kuɗi wasu kan ina ruwan zai fito. Ɗan'uwansa Usama El-Baz ma shekaru ya yi yana ba Husni Mubarak shawara kan siyasa, gidan ba baƙon fada ba ne. Amma ni a nawa ganin, malamin da ya ga alamar ruwa a ƙasar da ake mutuwa da ƙishi ya yi shiru don kada a ce ya zauna da azzalumi, shi ma akwai tambaya a kansa. Izinin haƙa rijiya a hannun mai mulki yake ko ka so ko ka ƙi. Kuskurensa a wurina bai wuce barin da ya yi aka haɗa sunan rijiya da kalmar zaman lafiya ba.

Abu Mus'ab: Wannan magana ta yi Baba. Da ya ce ga inda za ku gwada haƙa ya tsaya nan, da ba wanda zai riƙe shi a zuciya.

Ɗan Agadas: Salam 'yan uwa, ni daga Nijar. Zancen cewa Sahara da kore ce kar wani ya ɗauka tatsuniyar Turawa ce, mu nan muna taka shaidar. Arewa da Agadas a Dabus akwai raƙuman dawa guda biyu da mutanen da suka sassaƙa a jikin dutse, babban ya fi mita 5, wa zai zana raƙumin dawa in bai gan shi yana cin ganye ba? A Gobero cikin hamadar Tenere kuma an tono kaburbura a bakin tsohon tafki da ƙugiyoyin kamun kifi na ƙashi da ƙasusuwan kada da dorina, wurin da yau in motarka ta mutu sai dai addu'a. Kuma mu garin da Arlit ke kusa ba sai an gaya mana amfanin sanin dutse ba, yuraniyom ɗinmu shekara sama da 50 ana kwasa, waɗanda suka san inda yake su suka rubuta takardar ciniki. Ni da ina da ƙanwa da na tura ta.

Baba Malam: Madalla Ɗan Agadas. Mu ma a nan akwai tudun yashin Bama da ya ratsa ta Maiduguri, tsohuwar gaɓar tafkin Chadi ce lokacin da ya fi murabba'in kilomita 300,000. Kwalekwalen Dufuna da wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a Yobe a 1987, shekararsa wajen 8,000. Duk littafi ɗaya ne ake karantawa.

Mai Bohol Gusau: Kuma Baba tunda ka ce dalma Farfesan ya karanta, ku tuna abin da ya same mu a Zamfara 2010, Bagega da ƙauyukan Anka da Bukkuyum, yara sama da 400 sunka rasu don ana niƙa dutsen zinari cikin gida ba a san da dalma a ciki ba. Uwaye na daka dutse a turmin da ake daka hatsi. Likitoci sun zo sun yi ƙoƙari Allah shi saka masu, amma da akwai wanda ya kalli dutsen nan tun farko ya ce kar a kai shi gida, da ba a kai ga likita ba.

Auwal Fagge: Wannan ta taɓa ni gaskiya. Ban janye maganata ta aiki ba, har yanzu ina cewa ta shiga da ido biyu, kuma in ranta na kan medisin kar a tilasta mata. Amma na daina cewa ɓata shekara huɗu ne.

Yayan Fati: Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na kai mata wayar bayan la'asar ta karanta tun daga sama har ƙasa, ta koma kan bayanin Anti Ummu Hanan na rairayi ta sake karantawa, yanzu haka ta fito tana cin abinci. Ba ta ce ta haƙura da medisin ba, ta ce za ta je ta yi rajista ta ga zangon farko. Hajiya na karanta mata labarin yarinyar mai sabe ta yi shiru, sai ta ce ita damuwarta fita dajin da ake cewa ana yi, kwana nawa ne kuma ina mata ke kwana. Fati kuma ta ce in tambayi Anti wai lissafin yana da yawa.

Ummu Hanan: Ka gaya wa Hajiya ta kwantar da hankalinta, mu lokacinmu fitar ba ta wuce sati ɗaya zuwa biyu, da malamai ake tafiya, mata ɗakinsu daban, yawanci a makarantar garin ake sauka kuma sai an je an gaida mai gari kafin a shiga ko'ina. Da hijabina na yi duka, dogon wando a ciki da takalmi mai rufi saboda ƙaya da kunama, sai hular rana da gorar ruwa. Fati kuma, ƙanwata, shekarar farko lissafi da fiziks da kemistiri ne kusan duka, jiyolojin sai aji biyu yake farawa sosai, don haka kar ki yanke hukunci da zangon farko kaɗai, ki ba shi har ki riƙe guduma ki fasa dutse ki duba cikinsa da gilashi. Lissafin ba ya kai na injiniya amma kar ki yi wasa da shi in kina son ɓangaren ruwa ko na sabe, kuma ki fara koyon zana taswira a kwamfuta da wuri, akwai manhajar QGIS kyauta ce. Yayanki ya turo min saƙo ta akwati in haɗa ki da wata ɗalibata da ke aji uku, tana da tsofaffin handawut na shekarar farko.